Yaya ake horar da mai lafiya ya kwaikwayi mara lafiya don koyar da ɗalibai?

"Ni malama ce a makarantar koyon aikin jinya. An ɗora mini nauyin samo mutanen da za su riƙa kwaikwayon marasa lafiya, ɗalibanmu su koyi ɗaukar bayani da duba jiki a kansu, daga baya kuma a sa su a jarrabawa. Wasu abokan aikina sun ce in nemo 'yan wasan kwaikwayo in ba su takarda su haddace, shi ke nan. Wasu kuma sun ce ɓata lokaci ne, tunda asibiti cike yake da marasa lafiya na gaske. Don Allah wa ya kamata in ɗauka, kuma me zan koya masa?"

Malama, sannu da ɗawainiya. Tambayarki uku ce a dunƙule: ko aikin ya cancanci wahalarsa, wa za a ɗauka, da abin da za a koya masa. Na daɗe ina wannan aiki, kuma zan fara da cewa abokan aikinki na farko sun hango abin ta gefen da ba shi da wuya. Koya wa mutum ya dafe ciki yana nishi, yini ɗaya ya isa. Abin da ke cin makonni shi ne koya masa ya kame bakinsa har sai an tambaye shi, kuma ya yi wa ɗalibi na ashirin daidai abin da ya yi wa na farko, ba ragi ba ƙari.

Inda abin ya samo asali

Wanda ya fara shi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, Howard Barrows, a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka, a 1963. Damuwarsa ita ce yadda zai auna ɗalibansa da adalci, tunda kowane ɗalibi mara lafiya daban yake samu: wani ya faɗa hannun mai haƙuri da ke bayani dalla-dalla, wani ya samu wanda ciwo ya hana magana. Ya kuma ba da labarin wani mara lafiya da aka yi jarrabawa a kansa, wanda daga baya ya faɗa masa cewa da gangan ya sauya alamomin ciwonsa saboda likitan da ake jarrabawar ya yi masa rashin mutunci. Barrows ya ga cewa in mara lafiya na iya juya alamomi ya ruɗa likita, to mai lafiya ma zai iya koyon nuna su. Ya ɗauko wata mata da sana'arta tsayawa masu zane su zana ta, ya koya mata yadda mai wata cutar laka da ke shanye ƙafafu take ji da motsi. A 1964 shi da Stephen Abrahamson suka wallafa bayanin hanyar. Jaridu sun yi masa dariya, manyan likitoci da yawa sun ɗauke shi wasan yara.

A shekarun 1970 Paula Stillman, likitar yara a Jami'ar Arizona, ta horar da mata su fito a matsayin uwayen yara marasa lafiya, ta kuma ƙara musu wani aiki: su auna ɗalibin su gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce. A 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta Sikotilan suka fito da jarrabawar da aka sani da OSCE, wadda ɗalibi ke zagaya tasha-tasha, kowace da aikinta da mintunanta. Nan ne masu kwaikwayon suka samu gindin zama. Kanada ta sa su a jarrabawar ba likitoci lasisi a farkon shekarun 1990, Amurka ta bi a 2004 da jarrabawar da ɗan takara ke ganin mutum 12, kowane minti 15. An dakatar da ta Amurka a 2020 lokacin korona, aka soke ta a 2021, amma makarantun ba su daina amfani da masu kwaikwayo ba.

Su kuwa masu cewa asibiti cike yake da na gaske, ki tambaye su wace mara lafiya ce za ta yarda ɗalibai arba'in su danna mata ciki mai ciwo a yini ɗaya. Ki tambaye su a kan wa ɗalibi zai koyi faɗin cewa ƙarin da aka gani ciwon daji ne, ya yi kuskure, a ce masa koma waje ka sake shigowa. Mara lafiya na gaske bai zo asibiti don a koyi aiki a kansa ba, kuma ciwon da kike son koyarwa ranar Talata ba lallai ya kwanta a gado ranar Talata ba. Wannan bai sa mai kwaikwayo ya maye gurbin gadon asibiti ba. Yana shirya ɗalibi ne kafin ya isa can.

Wa za ki ɗauka

Na yi aiki da 'yan wasan kwaikwayo, na yi da waɗanda ba su taɓa hawa dandali ba, irin malaman da suka yi ritaya da masu ƙananan sana'o'i. Ɗan wasa yana da ranarsa. In labarin na fushi ne, ko na uwar da za a gaya wa mummunan labari, ko na mai taɓin hankali, shi ke iya shiga halin ya fita sau goma bai karye ba. Matsalarsa ita ce an raine shi a kan ya burge masu kallo. In ya ga ɗakin ya yi shiru sai ya cike shirun, in ya ga kukan ɗazu ya yi tasiri sai ya ƙara gishiri a na gaba. Ga yawancin labarai, irin ciwon kai da tari da ciwon suga, na fi son mutum mai natsuwa da ya iya riƙe bayani a ka, yake zuwa kan lokaci, ba ya jin haushi in an gyara shi.

Akwai mutum biyu da nake sallama da girmamawa tun a hirar farko. Na ɗaya wanda ya zo da miki a zuci game da likitoci, yana cewa ya zo ne ya koya wa yaran nan hankali. Wannan zai huce a kan ɗalibi. Na biyu wanda ciwon da ke cikin labarin ya taɓa shi kusa-kusa, nasa ne ko na wani nasa, kuma bai gama warkewa daga abin ba. Shi ana iya ba shi wani labarin daban.

Kada ki sa ma'aikatanki ko manyan ɗalibai a jarrabawa. Sun san amsar, bakinsu zai zame su ce "yana harbawa zuwa kafaɗa" da kalmomin littafi, ko tausayi ya kama su su miƙa wa ɗalibi igiya. Ga kuma batun sirri.

Kafin ki ba kowa labari, likita ya duba shi. Na koyi wannan da kunya. Mun shirya wani bawan Allah ya fito da ciwon afendis, ya haddace komai, ya iya tafiyar a duƙe. Ranar gwajin ƙarshe likitar da ta zo duba mana ta ɗaga rigarsa, sai ga tabon tiyata a ƙasan ciki ta dama. An cire masa afendis ɗin tun yana yaro, ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Haka nan za ki tarar da mai hawan jini na gaske bai sani ba, ɗalibi ya auna ya samu abin da ba ya cikin takarda. Irin wannan sai ki tura shi ya ga likita, ki kuma rubuta abin a takardar mai ba da maki.

Rubuta labarin

Rabin horon a takarda yake. Ki zauna da likita ko ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya ku rubuta labarin daga irin wanda aka saba gani, a cire duk abin da zai sa a gane wani. Ki rubuta shi da bakin mara lafiya. Ba ya cewa ciwon ya faro daga cibiya ya koma dama, cewa yake "da farko nan tsakiya yake murɗa mini, yanzu ya sauko nan."

Ina raba bayanin gida uku. Na farko jimlar buɗewa, wadda ake haddacewa kalma da kalma, a faɗe ta da zarar ɗalibi ya ce me ke tafe da kai. Na biyu abin da ba ya fita sai an tambaya: amai, zazzaɓi, maganin da ake sha, ciwon da ke cikin dangi. Na uku abin da ba ya fita sai an tambaya da lalama, ko ɗalibi ya kula da wata alama ya bi ta: tsoron cewa ciwon irin wanda ya kashe mahaifi ne, ko daina shan magani da aka yi a ɓoye. A nan ake rubuta alamar ita ma, misali ya sunkuyar da kai ya ce "ni dai ina fata ba wani abu ba ne," sau ɗaya tak, a minti kaza. In ɗalibi ya tsallake, ta wuce ke nan.

Gida na biyu da na uku su ne inda sababbi ke faɗuwa. Mutumin kirki ne, ga yarinya tana gumi ta rasa tambaya, sai ya ce "af, na manta, har amai na yi." Ya taimake ta a ganinsa. A zahiri ya ƙwace mata darasin, ya kuma zalunci wanda ya shigo kafin ita bai samu wannan kyautar ba. Nakan gaya musu cewa su ma'auni ne, kuma ma'aunin da ke tausaya wa wani mai saye ya lalace.

Ki kuma rubuta abin da zai yi in an katse shi. A wani bincike da Beckman da Frankel suka wallafa a 1984, sun tarar likitoci na katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 a matsakaici, kuma kaɗan ne daga marasa lafiyar suka samu ƙarasa jawabinsu na farko. Ɗalibanki ma za su yi haka. Ƙa'idata ita ce in an katse ka, ka yi shiru ka amsa abin da aka tambaya, kada ka koma kan maganar sai an buɗe maka ƙofa. Sai tambayoyin da ba a rubuta amsarsu ba, domin ɗalibi ba ya rasa tambayar da ba ta zo miki a rai ba. In kan alamar ciwo ce, amsar "a'a" ce. In kan rayuwa ce da ba ta shafi ciwon ba, a ba da amsa gajera da kowa a rukunin ya amince da ita tun farko.

Zaman horo

A wurina sabon labari yana cin zama uku ko huɗu, kowane kamar awa biyu zuwa uku, kuma duk waɗanda za su riƙe labari ɗaya tare nake horar da su. Zaman farko karatu ne da tambayoyi, har kowa ya san mutumin da zai zama. A na biyu ni nake zama ɗalibi. Nakan shigo a matsayin gwani, in fita in dawo a matsayin mai rawar jiki da ke jero tambaya uku a numfashi ɗaya, in sake dawowa a matsayin mai gadara da ba ya ɗaga kai daga takarda. Sauran suna kallo suna gyara ɗan'uwansu. In kina da waya mai kyamara, ki ɗauka ku kalla tare, gani ya kori ji. Mutum zai rantse bai yi murmushi ba sai ya ga fuskarsa.

Zama na uku na jiki ne, kuma shi na fi jin daɗi. Ɗauki ciwon afendis ɗin nan. Mai kwaikwayon yana kwance, likitar da ke taimaka mana ta danna ƙasan cikinsa ta dama a hankali, ya ɗaure tsokar wurin ya ja numfashi. Sai ta saki hannun farat ɗaya, kuma a nan ne ake so zafin ya soke shi, a sakin. Kusan kowa da farko wajen dannawa yake ihu, a saki ya huta, wato ya juya alamar. Sai mun maimaita har jikinsa ya riƙe. Daga nan likitar ta shiga yi masa hira, tana danna wurin da abin sauraron ƙirji kamar ba da niyya ba. In bai motsa ba, an kama shi, domin ciwon gaske ba ya mantuwa don an ɗauke wa mutum hankali. Muna kuma daidaita ƙarfin zafin: in takarda ta ce bakwai cikin goma, sai mu tsaya kan yadda bakwai take a fuska da murya, kowa ya yi irin ta. Na taɓa samun wadda ta yi ɗingishi da ƙafar hagu da safe, bayan hutun rana ta koma dama. Tun daga ranar nake sa a maƙala ɗan ƙyalle a cikin takalmin ƙafar da ke ciwo.

Abubuwa da yawa ana iya kwaikwaya: rashin ƙarfin hannu ko ƙafa, rashin jin taɓi a wani yanki, sanƙarewar wuya, karkarwa, haki, tafiyar mai shanyewar ɓarin jiki. Wasu kuwa ba dama. Ba mai iya kumbura hantarsa, ko sauya sautin zuciyarsa, ko ɗaga zafin jikinsa. A nan kati ake amfani da shi: in ɗalibi ya yi awon yadda ya kamata, sai a miƙa masa takardar da ke ɗauke da sakamakon. Rauni da ƙuna da kurji ana yin su da kayan kwalliya. Don ɗinki da allura, Roger Kneebone na Imperial College a Landan ya yaɗa dabarar ɗaura fatar roba a hannun mai kwaikwayo a rufe mahaɗar, ɗalibi yana ɗinke roba yana kuma lallashin mutum mai rai da ke cewa zafi. Duba al'aura da mama fanni ne daban, mai mutanensa da horonsa da yardarsa ta musamman, wanda Robert Kretzschmar ya fara a Jami'ar Iowa tun ƙarshen shekarun 1960. Kada ki cusa shi cikin aikin masu kwaikwayo na yau da kullum.

Zama na ƙarshe, ki kawo likitan da bai san labarin ba ya duba su ɗaya bayan ɗaya. In ya gano ciwon da kika nufa, kuma bai ga bambanci tsakaninsu ba, sun nuna.

Koya musu magana da ɗalibi

Wannan ne abin da ba wani malami da zai iya bayarwa, kuma shi aka fi sakaci da shi. In an bar mai kwaikwayo ba horo, ɗayan biyu zai yi: ya ce "ka yi ƙoƙari sosai," wanda ba ya gyara komai, ko ya zama likita ya ce ai da ka rubuta hoton ciki. Na biyun ba hurumin sa ba ne. Abin da yake da shi shi ne yadda ya ji a matsayin wanda aka duba. Don haka nake ɗora su kan tsari ɗaya: abin da ka yi, da abin da na ji. Wata dattijuwa a rukunina ta taɓa gaya wa wani ɗalibi: "Lokacin da na ce ina fata ba wani abu ba ne, ka ce 'to' ka tambaye ni ko ina shan taba. Sai na ji ba ka son jin sauran, na haɗiye." Yaron ya yi shiru, ya ce sam bai ji ta faɗi hakan ba. Da ni na gaya masa, musu zai yi.

In za su ba da maki, takardar ta zama gajera, kowane layi abu ɗaya da ido ya gani ko kunne ya ji: ya wanke hannu, ya faɗi sunansa, ya nemi izini kafin ya taɓa. A cike ta nan take, kafin na gaba ya shigo. Ki kula da ɗalibi mai fara'a, domin yakan kwashi makin abin da bai yi ba. Maganin wannan shi ne ku kalli bidiyo ɗaya, kowa ya ba da makinsa a ɓoye, sannan a buɗe a yi gardama kan inda aka saɓa.

Haƙƙinsu

Ƙungiyar masu horar da irin waɗannan mutane, ASPE, wadda aka kafa a 2001, ta fitar da ƙa'idojin aiki a 2017, kuma abin da ta sa a gaba shi ne kare mai kwaikwayon. Cikin da aka danna sau ashirin yana ciwo da gaske da yamma. Wanda ya yini yana hakin ƙarya jiri na ɗibarsa. Ki sa hutu, ki iyakance yawan ɗaliban da mutum ɗaya zai gani, ki ba shi kalmar da zai faɗa a tsayar da komai in an yi masa abin da bai yarda da shi ba. Ya san tun farko wace gaɓa za a taɓa, wace riga za a ɗaga, wa zai kalli bidiyon. A biya shi, har da awannin horo. Bayan labari mai nauyi kada ki bari ya kama hanya kai tsaye. Nakan zaunar da su, a cire rigar asibiti, a goge kwalliya, in kira kowa da sunansa na gaskiya mu ɗan taɓa hira. Na taɓa sakaci da wannan, wata ta kira ni bayan kwana biyu ta ce matar da ta kwaikwaya ta hana ta barci.

Abin da hanyar ba ta iya yi

Ɗalibi ya san wasa ne. Wasu sukan koyi tausayin jarrabawa, su shigo da "sannu, na san kana jin jiki" a haddace, su bar shi a bakin ƙofa in sun fita. Takardar maki ma tana da makanta: Brian Hodges da abokansa a Toronto sun nuna a 1999 cewa gogaggun likitoci kan samu maki ƙasa da na masu koyo a irin wannan jeri, saboda gwani tambaya kaɗan yake yi ya kai ga amsa. Shi ya sa nake haɗa jerin da hukuncin malami kan aikin gaba ɗaya. Ƙananan yara kuwa ba na sa su, hanyar Stillman nake bi, babba ya zo a matsayin uwa ko uba da 'yartsana a hannu. Kuma ni da ɗaliban likitanci na fi aiki, don haka labaran da suka shafi aikin jinya zalla, irin kula da wanda ya daɗe a kwance ko miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, ke za ki fi ni sanin abin da ya kamata a auna.

Ki fara da labari biyu da mutum shida, uku-uku, a darasi kawai ba a jarrabawa ba, har zango ɗaya ya wuce ki ga inda takardarki ke yoyo. Na ukun a kowane rukuni shi ne na ajiya, ki horar da shi daidai da sauran, ki kuma biya shi ya zo ya zauna ranar jarrabawa ko da ba a buƙace shi ba. Mai kwaikwayon mara lafiya shi ma yakan wayi gari da zazzaɓi na gaske.